Duwatsu Goma Sha Ɗaya Daga Ƙasar Ƙanƙara

Lokacin sanyi ne, irin sanyinmu na Jidda da bai wuce a kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a ja mayafi ba. Amma shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ana ta maganar yaƙi, mutane suna manna salatif a tagogi, maƙwabtanmu Yamanawa suna baza kayan ɗakinsu a bakin titi suna sayarwa za su koma gida. Mai sayar da ful, wato dafaffen wake, na kan kwanarmu a unguwar Bani Malik, wanda tun zuwana nake ganinsa, shi ma ya ja ƙofa ya tafi. A cikin wannan hali ni na ɗauki jaka na nufi ƙarshen duniya.

Tun da na dawo, Hajiya Mariya ta Ammariyya da sauranku ba ku bar ni na huta ba. "Hajiya Rabi, ya garin ƙanƙara?" Sai in ce sanyi. "To ina tsarabarmu?" Sai in yi dariya in ɗauko wata magana. Ba rowar labari nake yi ba, kunya ce ta riƙe mini baki. To tunda baki ya kasa, ga shi a rubuce. A yi haƙuri da hannun, a yaƙi da jahilci na koya, ina goye da ɗa na uku.

Kun san 'yata ta fari, wadda ƙannenta ke ce wa Abla, ni ma haka nake kiranta. A nan aka haife ta, ta yi karatun teku da halittun cikinsa a Masar. A can ta shiga wata ƙungiya mai fafutukar kada a bari a haƙi ma'adinai a Antaktika, wato ƙasar ƙanƙara da ke can ƙasan duniya, inda babu gari, babu sarki, babu ko bishiya ɗaya. Ƙasashe suna ta shawara a kan ko a buɗe ta ga masu haƙa ko a rufe. Ƙungiyar ta shirya jirgin ruwa zai kai mutane su gani da idonsu, kuma daga cikinsu za a zaɓi waɗanda za su tsaya gaban babban taron ƙasashen su yi magana. Abla ta sa ranta a kan wannan zaɓe fiye da yadda na taɓa ganin ta sa rai a kan wani abu.

Babanta, Malam, ya ce sam, budurwa ba za ta shiga jirgin maza ita kaɗai ba. Aka yi mako biyu ba a shiri a gidan. Daga baya aka ji jirgin yana neman mai taimakon kuku. Malam ya dube ni, na dube shi. Haka kafilinmu, mai tsaya mana a ƙasar nan, ya buga mini khuruj da auda, wato bizar fita da dawowa, na zama 'yar wanke-wanke a jirgin masu ilimi.

Daga Jidda muka sauka Madrid, muka kwana a zaune, muka sake hawa wani jirgin. Sa'o'i na tafiya, ƙafafuna suka kumbura, har na daina tambayar Abla ko mun kusa. A filin jirgin Buenos Aires na fara shan kunya, amma ƙarama. Wani kare suka sako yana shinshina jakunkuna. Ya wuce ta kowa ya zo ya zauna a kan tawa. Ina ja da baya ina tattare abayata, "A'uzu billahi, Abla ki ce su janye shi!" Kilishin da Hajiya Mariya ta ba ni guzuri ya jiyo. Suka kwashe shi duka, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Wani ma'aikaci ya buɗe kwalbar yajina ya kai hanci, ya yi atishawa har hularsa ta karkace, ya rufe ya miƙo mini da hannu biyu.

Wani ƙaramin jirgi ya kai mu Ushuwaya, gari na ƙarshe kafin teku. Muka sauka gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna. Tana buɗe ƙofa ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu. Wannan ban damu ba, matan Jidda ma haka suke. Sai ga mijinta ya taho da baki a tsuke shi ma. Na yi baya na faɗa cikin rigunan sanyi da aka rataye, suka rufto mini. Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta duki mijin da tawul. Bayinsu babu buta. Da abin ba wa furanninta ruwa na yi ta amfani kwana uku, ban san ko ta lura ba.

Suna da wani ganye mai ɗaci da suke jiƙawa a ɗan ƙoƙo, da bututun ƙarfe ɗaya, kowa ya zuƙa ya miƙa wa na kusa. Turawan da suka zo daga arewa suna ta yatsina fuska. Ni kuwa na ce ai wannan shan furarmu ne da ludayi ɗaya, na karɓa na zuƙa. Laifina ɗaya, na kama bututun na juya ganyen kamar mai dama koko, ashe ba a taɓa shi. Tsohuwar ta dafa ƙirji kamar na fasa mata tulu.

Ranar shiga jirgi, shugabar tafiyar ta tara mu. Sunanta Madam Marta, dattijuwa ce siririya, shekara da shekaru tana ƙirga tsuntsayen ƙasar. Ta raba takarda. Abla ta karanta mini ta fassara a hankali: ba za mu bar komai a ƙasar nan ba, ba za mu ɗauki komai ba, ko gashin tsuntsu, ko tsakuwa.

"Kin gane, ya Ummi? Wala hajar. Ko dutse ɗaya."

"Na ji mana. Me zan yi da dutse?"

Aka kawo mini tawadar dangwale. Na ture, na karɓi alƙalami na rubuta sunana da na mahaifina da hannuna, ina jin kaina. Ina faɗa muku wannan ne don kada wata ta ce ai ba ta sani ba. Na sani.

Tekun nan kada Allah ya maimaita. Kwana biyu ina kwance ina amai ina kalmar shahada. Da na iya tashi na shiga kicin, na tarar da kukun, wani ƙaton mutum mai suna Hose, ni Yusufu nake ce masa. Kakansa daga Sham ya zo, don haka yana jin Larabci irin na tsofaffi. Kirista ne, amma ya ware mini tukunya da cokali ya ce naman alade ba zai taɓa su ba, kuma bai saɓa ba. Ya ɗanɗana yajina sau ɗaya ya ce, "Ya hajja, da wannan za a narkar da ƙasar gaba ɗaya, ki ɓoye kar Marta ta gani."

Wata rana wani ɗan jarida da ke cikinmu ya tayar da gardama a wajen cin abinci. Ya ce ƙasar nan faɗi gare ta, in an bari an haƙi kaɗan a gefe, me zai ragu? Yusufu ya fassara mini muna feraye dankali. Na ce masa ni dai ban yi karatu ba, amma bayan gidanmu a Damagaram akwai fili da muke wasa muna yara. Mai gyaran katanga ya zo ya ɗebi ƙasa kwando ɗaya, mai yaɓe ya ɗebi ɗaya. Ba wanda ya taɓa ɗibar abin da za a ce ya yi yawa. Kafin in yi aure wurin ya zama kududdufi, yana cin katangar mutane duk damina. In ka tambayi wa ya haƙa, babu. Yusufu ya ajiye wuƙa ya tafi ya kai wa Madam Marta. Ta zo har kicin ta kama hannuna biyu, ta ce wa Abla wannan labarin ya fi takardunsu duka. Abla ta dube ni irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Na sunkuyar da kai, amma daɗi har cikin ƙashina.

Yanzu ga inda abin ya fara. Rana a can ba ta faɗuwa sosai, sai ta ɗan sunkuya ta taso, don haka da agogon Ushuwaya nake salla, matuƙin jirgi yana nuna mini alƙibla. Wannan da sauƙi. Alwala ce matsala. Sanyi da ruwan wanke-wanke suka tsattsage mini hannu, jini yana fita ta kowace gaɓa. Likitan jirgi ya shafa magani ya ce kada ruwa ya taɓa su, aka mayar da ni feraye da yanka. To sai taimama. Da me? Jirgi ƙarfe ne da roba. Babu ƙasa, babu ƙura, kullum gogewa ake yi. Kwana biyu ina buga hannu a bangon ƙarfe ina salla, zuciyata ba ta kwanta ba ko sau ɗaya.

Sai aka saukar da mu tsibirin tsuntsaye a ƙananan kwale-kwale, bayan kowa ya wanke takalminsa da buroshi. Tsuntsayen nan Abla batriƙ take ce musu. Ba sa tashi, tsaye suke tafiya suna rangaji, baƙar riga a baya, fara a gaba, kamar dattawa sun fito daga ɗaurin aure. Warin wurin kuwa kasuwar kifi ta Balad wasa ce. Tunda babu ciyawa, da ƙananan duwatsu suke gina sheƙa, su tara su yi tudu su kwanta a kan ƙwai, don kada ruwan ƙanƙara ya taɓa shi. Madam Marta ta kafa wa kowace sheƙa ɗan ƙarfe mai lamba.

Aka bar ni zaune a gefe saboda ƙafata. Kusa da ni akwai sheƙa ta ƙarshe, ita kaɗai a gangare, lamba arba'in da biyu. Na dubi duwatsun nan, sumul-sumul, masu tsabta, kamar ƙwan zabo da aka ɗan danne. Na ce ɗaya dai, don salla ne, ba don ado ba. Na miƙa hannu ta bayan tsuntsuwar na zaro daga ƙasa. Ta juyo da kai ta dube ni da ido ɗaya. Ba ta yi kuka ba.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na tuna mahaifiyar Hajiya Mariya da ke kwance shekara biyu, da bulon siminti take taimama. Na tuna Malam da ciwon gwiwarsa. Na tuna ku ɗaya bayan ɗaya, da yadda za a ce Rabi ta je ƙarshen duniya ta dawo hannu biyu. Ƙasar da babu kasuwa, me za ka sayo? Na ce ga tsarabar da ba mai irinta a Jidda, kuma ta lada. Na yi ta zarowa ina zubawa a aljihun rigar sanyi. Goma sha ɗaya.

Ranar na yi taimama da dutse, na yi salla, raina fari tas.

Bayan kwana biyu rana ta yi ɗan zafi, ƙanƙara ta saki ruwa, muka koma tsibirin. Na hango Madam Marta durƙushe a gangare da littafinta. Sheƙar ta zube ta gefen da na zara. Ƙwai biyu suna cikin ruwa, tsuntsuwar tana tsaye a kansu tana dubawa. Maƙwabtanta suna zuwa suna tsince sauran duwatsun a gabanta. Abla ta fassara mini abin da Madam ta ce: wai haka suke, ɓarayin juna ne, da zarar sheƙa ta sami kafa sai su ƙarasa ta. Ta ja layi a kan lambar ta rufe littafin. Ban sani ba ko da ban taɓa ba ma da ta zube. Na yi ta gaya wa kaina haka. Amma sauran sheƙoƙin suna nan a tsaye.

Na so in mayar. Duwatsun suna jirgi cikin safa, kuma daga ranar iska ta taso, ba a sake saukar da mu ba. Na so in zuba su a teku, hannuna ya ƙi, gani nake kamar na ƙara wata satar a kan ta farko. Na so in faɗa wa Abla. A ranar da na shirya faɗa, a ranar Madam Marta ta kira sunanta cikin mutum huɗun da za su je babban taro. Ta shigo ɗakinmu tana kuka tana dariya ta faɗa jikina. Na haɗiye maganata.

A Buenos Aires aka tara 'yan jarida a wani zaure. Abla ta tashi da lulluɓinta, ta yi magana da Turanci, na ji ta ce Damagaram, na san kududdufina take ba su. Ta nuno ni, duk zauren ya juyo ana tafi. Yusufu yana gefena yana raɗa mini fassara: "Ta ce mun je, mun gani, mun dawo, ko tsakuwa ba mu ɗauka ba, haka take so duniya ta yi." Ya zungure ni. "Tashi mana, ya hajja, ke ake wa." Na tashi. Jakata tana ƙarƙashin kujera, ƙafata tana taɓa ta.

Muka sauka Jidda da hantsi. Filin jirgi cike da masu neman fita, mu kaɗai muke shigowa kamar marasa hankali. Saboda zaman ɗar-ɗar da ake yi, kowace jaka sai an zazzage ta. Wani saurayin ma'aikaci ya zaro safar, ya kwance, duwatsu suka gangaro kan tebur. Ya dube su, ya dubi kwalbar yaji, ya dubi fasfona.

"Esh hada, ya hajja? Mene ne wannan? Sihir?"

Kun san yadda ake kallonmu a irin wannan wuri. Ya kira babbansu. Mutane suka fara leƙe. Abla ta matso da sauri za ta kare ni, ta kai ido kan tebur, ta tsaya cak. Ta shekara tana karanta duwatsun nan a littafi, ba ta buƙatar a gaya mata.

"Ummi. Min fen?"

Ta sake tambaya, da Hausa.

"Ummi, daga ina?"

Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a kunne kamar ranar ba. Na ce, "Na taimama ne." Ita ce dole ta juya ta yi wa jami'an bayani, da bakinta, cewa uwarta ba boka ba ce, dutse ne kawai ta ɗebo daga Antaktika. Babban nasu dattijo ne, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya fashe da dariya. "Ya hajja, ƙasar nan tamu duk dutse ce daga nan har Makka. Sai kin je ƙarshen duniya? Halas, yalla, tattara kayanki." Da ma tsare ni ya yi, da ya fi mini.

Malam ya zo ɗaukarmu da murnarsa, yana ta tambaya, ba mai ba shi amsa. Bayan la'asar ya gaji ya ce sai an gaya masa. Na faɗa. Ya ce, "Haba Abla, dutse ne fa. Uwarki don salla ta ɗauka."

"Ya Baba, masu haƙa ma kowa yana da dalilinsa." Ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wace sheƙa?"

"Arba'in da biyu."

Ta rufe ido. Tana gefen Madam ranar da ta ja layi a kan lambar.

"Na tsaya gaban mutane na ce wala hajar. Na nuna ki, aka yi miki tafi. Ba zan je taron nan da ƙarya a bakina ba. Zan rubuta musu in janye sunana."

Na ce, "Ke ba ki yi ƙarya ba, ba ki sani ba."

"Yanzu na sani."

Ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta wasiƙar, ta fito ta ɗora a kan firji. To kun ji abin da ya sa babu tsaraba. Hajiya Mariya, ki ba wa Inna haƙuri, na tuna da ita, ta hanyar da ba ta dace ba. Har yau da nake rubutun nan amsa ba ta zo daga can ba, yaƙi ya sa wasiƙu suna jan ƙafa, ban san ko za su bar wa yarinyar nan kujerarta ba.

Washegarin ranar da muka sauka Jidda, bayan asuba, na ɗauko rikodar da muke yi wa mutanen gida saƙo da ita, na sa sabon kaset. Turanci ba ni da shi, amma Yusufu zai fassara. Na zauna a kicin na danna. Na faɗi sunana da na mahaifina, na faɗi lambar sheƙar, na faɗi yawan duwatsun. Na ce ni na ɗauka, ina sane, bayan na sa hannu. 'Yata ba ta sani ba sai jiya. Na ce in za su faɗa wa 'yan jarida su faɗa, su kira sunana, amma su bar mata maganarta. Na ce in akwai jirgin da zai koma, a mayar da su gangaren nan, ko wata tsuntsuwar za ta amfana. Sau uku ina mayar da kaset baya ina sakewa.

Na naɗe duwatsun cikin auduga na jera a gwangwanin madara, kaset a sama, na ɗinke da farin ƙyalle. Na sa abaya. Adireshin ne ba ni da shi. Na tsaya ƙofar ɗakinta da ƙunshin da alƙalami, na kasa ƙwanƙwasawa. Ashe tana tsaye a bayan ƙofar. Ta buɗe, idonta a kumbure, ta karɓa ta rubuta.

"Kawo tawa wasiƙar in sa a ciki," ta ce.

"Na riga na ɗinke," na ce. "Ki bari tawa ta fara isa."

Ban jira ta amsa ba. Na sauka na tari taksi zuwa gidan waya na Balad, gwangwanin a kan cinyata, na riƙe shi da hannu biyu don kada su yi ƙara.